Sai a buta ta uku na gane lissafin

Ni dai tun tasowata shayi ɗaya na sani, a tafasa ruwa har ya dinga tsalle a tukunya, a jefa Lipton, a zuba madara da suga, in wata ya yi nisa a sha ruwan bunu a gode wa Allah. Ban taɓa zama na yi tunanin wai ruwan zafi ma hawa-hawa ne ba, a wajena ruwa ko ya tafasa ko bai tafasa ba, shikenan magana ta ƙare. Wanda ya jawo min wannan rigimar wani abokina ne ɗan Kwari da yake zuwa Chaina saro kaya, ya dawo ya miƙo min wani ɗan gwangwani mai kyau yace ga tsarabarka, koren shayi ne na yankin Hangzhou sunansa Longjing, can ma ba kowa ke shan mai kyansa ba. Na zo gida da murnata, na tafasa ruwa yadda na saba na kwara a kai na bar shi ya tsumu kusan minti goma dan ya fito sosai, na kurɓa, wallahi sai da na runtse ido. Ɗaci kamar an jiƙa maɗaci, ga wani bauri da ya kama min harshe har azahar. Uwargida ta ɗanɗana ta aje kofin tace Abban yara wannan abokin naka anya yana ƙaunarka kuwa.

Bayan kwana biyu na je shagonsa ina masa tsiya nace Alhaji maganin shawara ka kawo min ashe, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya jawo wata 'yar buta ta lantarki a gefen tebur ya danna wani maɓalli da aka rubuta 80 a jiki, da ta yi ƙara ya zuba ruwan a kan ganyen, minti biyu bai cika ba ya tace ya miƙo min. Ganye ɗaya ne fa, daga irin gwangwanin da ya ba ni, amma abin da na sha a shagon nan wani abu ne daban, ba ɗaci, ga wani ƙamshi kamar na gyaɗa da aka soya sama-sama, har wani ɗan zaƙi-zaƙi yake a ƙarshe alhali ko ƙwayar suga babu. Yace kai ka dafa shi ne, shi kuma ba a dafa shi.

Daga baya da na bi diddigi na gane dalilin, kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Koren shayi da baƙin shayi duk bishiya ɗaya ce, bambancin a sarrafawa ne. Baƙin ana murza ganyen a bar shi ya sha iska har ya yi duhu, koren kuma da an tsinko ake bi ta kansa da zafi, ko a kasko ko da tururi, dan kada ya canza. To sinadaran da ke kawo ɗaci da bauri suna nan cike a cikin koren, kuma ruwa mai tsananin zafi shi yake fizgo su da sauri, su kuma masu kawo garɗi da ɗan zaƙin nan ko ruwan bai kai haka zafi ba suna fitowa. Shi yasa ake cewa koren shayi digiri 70 zuwa 80, wani na Japan da ake kira gyokuro ma har ƙasa da haka ake saukowa, wajen 50 zuwa 60. Oolong wanda yake tsakiya tsakanin kore da baƙi 85 zuwa 90. Baƙin shayi irin namu na Lipton da Top Tea da Highland na Mambila shi kam tafasasshen ruwa yake so, 95 zuwa 100. Gahawa kuma wadda ake tacewa 90 zuwa 96.

Tun ranar na sa wa raina sai na mallaki irin butar nan. In nace buta ba ta alwala nake nufi ba dan Allah, dan ranar da na fara faɗa wa Hajiyarmu zan sayi buta mai tsada kallona ta yi tace ɗan nan butar ta zinare ce.

Ta farko kyauta aka ba ni, wani ɗan uwanmu da ke karatu a Amurka ya taho min da ita da ya zo hutu, kyakkyawa baƙa mai allo da agogo, ni kuma saboda zumuɗi ban karanta komai a gindinta ba, na ga dai bakin fuloginta siraran ƙarafa ne bai shiga soket ɗinmu ba sai na aiki yaro ya sayo adafta. Ina jonawa na ji ɗas, wani ɗan hayaƙi mai warin roba ya fito ta ƙasa, allon da ko sau ɗaya ban ga haskensa da kyau ba ya mutu har abada. Mai gyaran wutar layinmu ya juya ta ya nuna min rubutun, 120V. Yace oga wutar Amurka 120 ce tamu 230, ka ba ta kusan ninki biyu na abin da take ɗauka, kuma a harkar hita in ka ninka bolt zafin da zai fito ninki huɗu yake yi ba biyu ba. Adafta ba ya canza wuta, ƙafar fulogi kawai yake canzawa. Akwai taransifoma mai sauke wuta amma wanda zai ɗauki buta mai wat 1500 ƙato ne mai nauyi kamar dutsen niƙa kuma kuɗinsa zai iya sayo wata butar. Saboda haka duk wanda zai yi oda daga Amazon na Amurka ko ya roƙi wani ya taho masa da ita daga can ko Kanada, ya tsaya ya duba, irin su Fellow da Cosori da Bonavita da ake ta yabo a YouTube yawancin waɗanda ake nunawa na wutar 120 ne, wasu kamfanonin suna yin na 220 zuwa 240 dan kasuwar Turai, ita zaka nema. Na Japan ma 100 ce wutarsu. Na Ingila da Dubai da Chaina da Turai duk suna tafiya da tamu, sai dai ƙafar fulogin, mu a Najeriya mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila muke amfani da shi, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa ya fi yawa a wajensu.

Wani ƙaramin abu game da na Amurkan, lambobinsu ma ba irin namu bane. Zaka ga 212 da 200 da 175 ka ɗauka butar narka ƙarfe ce, ma'aunin Fahrenheit ne, 212 shine 100 namu, 200 wajen 93, 175 wajen 80.

Ta biyu da kuɗina na saya, 'yar gwanjo daga Ingila a wajen masu kayan Beljiyam, wannan karon na duba bolt ɗin sau uku kamar mai ƙirga kuɗi. Abin da ban duba ba shine layin da ke ƙasansa, 3000W. Turawan Ingila ba sa wasa da shayi, butocinsu da yawa wat 3000 ne dan su tafasa nan da nan, kuma wannan shine iyakar abin da fulogi mai fiyus na amfiya 13 zai iya ɗauka. Su da wutarsu ma sai da aka yi shiri na musamman saboda buta, a 1990 bayan wasan kusa da ƙarshe na kofin duniya da Ingila ta buga da Jamus ta Yamma, ana tashi daga bugun fenariti mutane suka miƙe suka kunna butoci da fitilu lokaci guda, buƙatar wuta ta yi tsalle da megawat 2,800. To ni na ɗauko irin wannan na jona a ekstenshan ɗin dubu biyu da muke cajin waya da shi a falo. Kwana huɗu tana aiki lafiya, ran na biyar ƙaramar 'yata ta zo tace Abba wani abu yana wari, na duba na ga ramin soket ɗin ya narke ya yi baƙi, wayar ekstenshan ɗin ta yi laushi kamar taliya, da kafet ya kama ban san labarin da zan ba ku yau ba. Na mayar da ita soket ɗin bango na kicin ta zauna lafiya, sai kuma wani dare an ɗauke wuta ba mu lura gidan ya koma kan inbata ba, uwargida ta danna ta, gaba ɗaya gidan ya yi ɗif, inbata yana ta kuka kamar an taka jaririn kyanwa.

A nan ne na gane cewa mu a nan tambayar farko ba digiri nawa butar take da shi bane, wat nawa take ja, kuma me wutar gidanka take iya ɗauka. Abin mamaki buta ba ta cin yunit da yawa. Tafasa lita ɗaya wajen kashi ɗaya cikin goma na yunit ne, ko kana layin Band A da hukumar kula da wutar lantarki NERC ta kai kuɗin yunit ɗinsa naira 225 a watan Afrilun 2024 kafin ya dawo wajen 209, lita ɗaya naira ashirin da 'yan kai ce, ko kwalin ashana ba zata saya maka ba. Matsalar fizga ce, abin da take buƙata a cikin minti uku take son a ba ta shi gaba ɗaya. Ƙaramin janaretan nan na Tiger da ko wat 1000 ba ya kaiwa kada ma ka gwada. Inbata mai 1.5kVA abin da yake bayarwa na gaskiya wajen wat 1200 ne, ga firij ga fanka a kansa, ina zai kai buta mai 2200. Ko inbatan ya ɗauka, in batiranka na 24 bolt ne buta mai wat 2000 tana jan sama da amfiya 80 daga cikinsu, wannan ba ƙaramar wahala bace ga batir mai ruwa. Masu sola babba da batirin litiyam su kam ba ruwansu, musamman da rana tsaka.

Sai kuma lo karan, wanda duk muka sani. Buta mai 2200 in wuta ta sauko zuwa bolt 180 abin da zata ba ka bai wuce wat 1350 ba, zaka ga tana ta gurnani ruwa ya ƙi tafasa. Butar gargajiya mai maɓalli ɗaya ba ruwanta, zata ɗauki lokaci ne kawai. Mai digiri kuwa tana da ɗan allon lantarki a gindinta kamar na rediyo, kuma shi wannan allon shine raunin ta. Wuta ta yi ƙasa ya rikice, wuta ta dawo da ƙarfi ya ƙone, kuma in ya ƙone ko hitar lafiyarta ƙalau butar ta zama kwandon shara dan da wuya ka samu wanda zai gyara. Ita ta gargajiyar dabarar da ke cikinta tsohuwa ce tun 1955 da Russell Hobbs suka fito da ita a Ingila, wani ɗan ƙarfe ne da aka haɗa da ƙarafa iri biyu, tururi ya buge shi ya lanƙwashe ya kashe maɓallin, ba allo ba lissafi, shi yasa suke shekara da shekaru, kuma shi yasa in ka bar murfin a buɗe ba ta kashe kanta sai ta ƙafe. Mai digirin kuma wani ɗan ma'aunin zafi ne a ƙasan cikinta yake gaya wa allon inda ruwa ya kai. Saboda haka ni yanzu da an gama amfani da ita ake kashe soket ɗin bango, doka ce a gidan, na fi tsananta ta a kan dokar rimot.

Kafin in faɗi wadda na tsaya a kanta bari in faɗi abin da masu talla ba zasu gaya maka ba, yawancinmu ba ma buƙatar wannan butar kwata-kwata. In shayinka Lipton ne da madara da Milo, haɗin kauri irin na mai shayin bakin titi, tafasasshen ruwa kake so, kuma butar Binatone ko Century ko Scanfrost mai maɓalli ɗaya ta gama maka komai, ka riƙe canjinka ka sayi ƙwai. In shayin kayan ƙamshi ne, citta da kanumfari da girfa da masoro da na'a-na'a, shi ma ba jiƙawa yake so ba dafuwa yake so, a tukunya a kan wuta, kuma dan Allah kada a zuba su cikin butar lantarki, suna toshe ta suna ɓata ma'aunin, madara kuwa ta fi komai ɓarna dan kamawa take a ƙasa ta ƙone. Gahawar Larabawa da muke sha a Makka da Madina da dabino ita ma tafasawa ake yi, haka jabana ta Sudan. Sannan ga babbar hujja, shayin Buzaye. Ganyen nan da ake sa wa a 'yar butar ƙarfe a kan gawayi a fada a Yamai ko Agadas ko majalisar unguwarmu, koren shayi ne daga Chaina, irin masu lamba 4011 da 9371 da 3505 a jikin kwali, amma tafasa shi ake yi har ya yi baƙi, a zuba suga, a dinga ɗaga buta sama ana tsiyayawa har kumfa ta tashi, na farko na biyu na uku. Wannan ɗacin da na gudu daga gare shi a Longjing shi ake nema a can, suga da kumfa da hira su suke daidaita shi. Ka je ka ce musu digiri 80 ka ga kallon da za a maka.

To wa take yi wa amfani kenan. Mai shan koren shayi zalla ba suga, musamman masu ciwon suga da masu rage ƙiba da suka sayi kwali suka sha sau biyu suka watsar wai ba daɗi, na rantse rabinsu ruwan ne ya cuce su ba ganyen ba. Sai mai shan gahawa ta gaske wadda ake niƙa ƙwayar a tace, ba Nescafé ba, duk da shi ma Nescafé ɗin na lura in ruwan ya ɗan huce zuwa 85 ko 90 warin ƙonewar nan yana raguwa. Ni gahawar Habasha nake samu jefi-jefi, ta Yirgacheffe ko Sidama, giram 15 a ruwa mil 250, in ƙwayar ba a soya ta sosai ba ina kai ruwan 95 ko 96 in ba haka ba sai ta yi tsami salam, in kuma baƙa ce ƙirin mai maiƙo sai in sauko 88 zuwa 90 dan kada ta yi ɗacin toka. Wanda ya ƙirƙiro wata 'yar na'urar haɗa gahawa mai suna AeroPress a 2005, Alan Adler, shi 80 ma yake ba da shawara ga baƙar gahawa. Wannan wasan na hawa da sauka da digiri biyar-biyar shine daɗin abin in kana da sha'awa, in baka da ita kuwa wahala ce kawai da sassafe.

Masu gahawa zasu ce maka sai mai dogon hancin nan siriri mai lanƙwasa kamar wuyan zalɓe. Gaskiya ne tana ba ka damar tsiyaya ruwa a hankali a zagaye kan garin gahawa in kana amfani da mataci irin V60, amma yawancinsu ba sa wuce lita ɗaya, wasu 0.8 ko 0.9, kuma ruwan a siririn zare yake fita. Gidan Bahaushe da baƙi zasu iya sallama su shida bayan magariba, ko lokacin sahur ana sauri kowa na miƙo kofi, ka tsaya kana cika fulas da wannan, sai an kira assalatu baka gama ba. In kai gwauro ne mai son gahawa saye ta. In da iyali, mai lita 1.5 ko 1.7 mai bakin buta na kullum.

Ta ukun da nake amfani da ita yanzu shekara ɗaya da wani abu, lita ɗaya da rabi ce, wat 1800, maɓallanta biyar kacal, 40 da 70 da 80 da 90 da 100. Na ga masu barinka ka zaɓi digiri ɗai-ɗai har 83 ko 91, na ga masu haɗuwa da waya ta bulutut kamar wasu na Xiaomi, ban ga abin da zan yi da su ba, buta tana kicin ni ina ɗaki ruwan ma ai sai na tashi na zuba mata. Kuma a gida ba kai kaɗai zaka taɓa ta ba, abin da Hajiya ba zata iya dannawa da kanta ba ba kayan gida bane kayan wasanka ne. Bosch suna da masu maɓalli huɗu 70, 80, 90, 100 kuma tsarin nan ya isa, sai dai ni da na san amfanin 40 yanzu ba zan sayi wadda babu shi ba.

Dan abin dariyar shine ni na saye ta saboda shayi da gahawa, amma maɓallin da ya fi shan dannawa a gidan 40 ne. Lokacin hunturu da asuba Hajiya ta danna 40 ta juye a butar alwala ba sai an tsaya sirki ba ana tsoma yatsa. Uwargida in zata kwaɓa fanke ko ta sa yis a ƙullun waina 40 take sa wa dan ruwan da ya yi zafi da yawa kashe yis yake. Shi kuma 70 ya yi mana rana lokacin da aka fara ba jaririnmu madarar gwangwani, dan Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a tafasa ruwan tukuna, a bar shi ya huce amma kada ya sauka ƙasa da digiri 70 sannan a haɗa madarar, a sanyaya kafin a ba yaro, saboda ita hodar kanta tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta. A lura da wannan tafasawar ta farko fa. In ka danna 70 ko 80 kai tsaye butar ɗumama ruwan kawai take ta tsaya a nan, bai tafasa ba. In ruwan leda ne mai kyau ko na roba ba damuwa ga shayin babba, amma in na rijiya ne ko na 'yan garuwa ni sai na kai shi 100 sannan in bar shi ya sauko, allon yana nuna min inda ya kai. Wasu butocin suna da wannan tsarin a jikinsu, su tafasa sannan su sauko su riƙe, in ka samu irinta ta fi.

Akwai ranar da na bar ta a kan 80, ƙanwar uwargida ta zo dama koko ta danna ba ta duba ba, ta ji ƙara ta ɗauka ya tafasa ta sheƙa a kan gasara, koko ya tsinke tsululu ya ƙi yin kauri, aka yi asarar gasarar ranar kuma har yau in ta zo sai ta harari butar. Koko da kastad ba sa son wasa, 100 ko a fasa.

Cikinta shine abu na gaba da zaka leƙa, a zahiri ka buɗe murfi ka sa ido har da hanci. Ni na fi son wadda duk inda ruwa yake taɓawa ƙarfe ne mara tsatsa, ka nemi lamba 304 a jiki ko a kwali, masu arha da yawa da 201 ake yinsu kuma su ne zaka ga ɗigon tsatsa a ƙasa bayan 'yan watanni. Ka duba ƙarƙashin murfin ma dan wasu jikin ƙarfe ne murfin roba, tururi ya taru a nan ya dinga ɗigowa da warin roba, shayi mai madara da suga zai ɓoye warin amma koren shayi tona asiri yake. Ta gilas tana da kyau a ido, ga shuɗin haske tana yi kamar akwatin kifi, sai dai gidan yara ne da tayil. Tawa mai bango biyu ce, ciki ƙarfe waje roba, ko tana tafasa zaka iya dafa jikinta da hannu, kuma ruwan yana daɗewa bai huce ba, ga mai ƙananan yara wannan kaɗai ya isa dalili. Bakinta ya zama mai faɗi yadda hannu zai shiga da soso.

Dan wankin dole ne. Ruwan bohol da na rijiya a wurare da yawa yana barin wani farin ƙanzo kamar alli a ƙasan buta, a ta gargajiya muni ne kawai da jinkirin tafasa, a mai digiri kuwa in ya lulluɓe ɗan ma'aunin nan sai ta fara ƙarya, allo yace 80 ruwan ya wuce haka. Duk bayan sati uku ko huɗu nake matse lemon tsami huɗu ko biyar a ruwa rabin buta in tafasa in bar shi ya kwana ko ya yi awa ɗaya, sai ka ga ƙanzon ya saki da kansa, a ɗauraye sau biyu. Farin binega ma yana yi sai dai warinsa sai an yi da gaske. Kada a kankare da soson ƙarfe, kuma kada a tsoma gindin a ruwa.

Maɓallin riƙe zafi da suke ta talla da shi, wasu minti 30 wasu awa ɗaya wasu har awa 12, an yi shi ne dan ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. Mu da an ɗauke ya tashi aiki, wasu butocin ma in wuta ta dawo sun manta digirin da ka sa sun koma 100. Fulas mai kyau ya fi shi sau goma kuma ba ya cin yunit, ni da na ga wuta nake tafasawa in cika fulas biyu, al'adar da muka gada ce ba buta ce zata canza ta ba.

Mutanen Jos da Gembu, in kun ga allon ya tsaya a 96 ko 95 ruwa kuma yana ta tafasa ba lalacewa ta yi ba, kada ku koma ku kama mai shago da faɗa. Duk inda ƙasa ta yi tudu ruwa yana tafasa kafin ya kai 100, Jos tana sama da mita 1,200 daga teku shi yasa wajen 96 yake tafasa, mu nan Kano ma 98 da ɗoriya ne. Masu gahawa a Jos sun huta, ruwansu yana tafasa daidai inda ake so.

Wajen saye, in a kasuwa ne Sabon Gari ko ina, kada ka yarda da kwali, ka sa a zuba ruwa a jona a gabanka a danna 80 ka ga ta tsaya da kanta kafin ya tafasa, dan akwai masu allo da lambobi da kawai nuna zafin suke ba sa tsayawa ko'ina sai 100, yaron shago kuma zai rantse maka yallaɓai ai duk ɗaya ne. Ka ɗaga ta ka aje a kan gindinta sau uku huɗu ka ji ko tana zama daram, ka taɓa wayar ka ji kaurinta, siririyar waya a kan wat 2000 ba alheri bane. In ta intanet ne irin Jumia ko Konga ko AliExpress ka karanta bayanin bolt da wat da irin fulogi, ka tsallake masu tauraro biyar ka karanta ƙorafin masu tauraro biyu, su ne suka yi wata shida da ita.

Wanda kuma aljihunsa bai kai ba ko wutar unguwarsu sai a yi kwana uku ba a gan ta ba, ga dabarar da nake yi in na je ƙauye, kofi uku na tafasasshen ruwa ka zuba kofi ɗaya na ruwan da yake aje a ɗaki, abin da zai ba ka wajen digiri 80 ne, daidai koren shayi. Gahawa kuma ka sauke ka buɗe murfi ka ƙirga minti ɗaya. Mutanen Chaina tun kafin a san lantarki da ido suke aunawa, in ƙananan kumfa suka fara fitowa a ƙasan tukunya kamar idon kifi sun san ya isa koren shayi, in suka fara tasowa a jere kamar carbi ya kusa tafasa. Abokin nawa na Kwari da na ba shi wannan labarin cewa ya yi to da ka sani ai da baka ƙona buta ɗaya da ekstenshan ba, nace Alhaji kai dai tafiya ta gaba ka ƙaro gwangwani biyu, na farkon rabinsa a kwata ya ƙare.